Shirin Jarrabawar Kimiyya ga Ɗalibin da ke Son Zama Likita

Ƙofofi uku ne ke tsakanin ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare da sashen koyon aikin likita a Najeriya, kuma cikin 'yan watanni ake ratsa su duka. Wadda ta kan fara zuwa ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. A kwamfuta ake yin ta, tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, jimillar maki 400. Kafin ɗalibi ya huta sai ga jarrabawar kammala sakandare ta WAEC wajen Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya. A nan kiredit biyar ake nema, a waɗannan darussa huɗu da Lissafi, kuma jami'o'i da dama ba sa yarda a haɗa sakamako biyu, a zama ɗaya suke son ganin su. Ta uku ita ce tantancewar da jami'a ke yi da kanta. Bayan waɗannan duka akwai ƙa'idar majalisar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa, wadda ke yanka wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Shi ya sa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri ake mayar da yara masu yawa waɗanda a takarda sun ci jarrabawa.

Wannan ƙarancin gurbi ne ke tura ɗalibai da iyayensu ga hanyar da suke gani ta fi sauri, wato a tara tambayoyin shekarun baya, a haddace amsoshinsu cikin wata uku, a shiga ɗaki a juye. A ganina hanyar ba ta dace da mai son likitanci ba, kuma ko ta fuskar neman maki kaɗai ba ita ce mafi riba ba. Abin da ake koyarwa a shekaru uku na babbar sakandare shi ne farkon likitancin kansa. Ɗauki darasin ratsawar ruwa ta tantanin ƙwayar halitta, daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Ɗalibi na iya haddace ma'anarsa cikin layi biyu ya wuce. Wanda ya tsaya ya fahimta kuwa zai gane dalilin da ya sa ba a yi wa majiyyaci ƙarin ruwa da tsurar ruwa: jajayen ƙwayoyin jini za su sha su kumbura su fashe, don haka ake sa gishiri kashi 0.9 cikin ɗari domin ya yi daidai da na jini. Haka darasin gādo. Ɗan teburin nan mai gida huɗu da ake zanawa a allo shi ne bayanin cutar sikila, wadda da wuya a sami unguwar da ba ta san ta ba. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mai hadda zai ce ɗaya daga cikin 'ya'ya huɗu ne zai kamu. Mai fahimta ya san kowane ciki lissafinsa daban, ana iya haifar uku a jere da cutar, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Bambancin nan maki ne a jarrabawa, gobe kuma shawara ce da za a ba masu shirin aure.

Galibin masu sha'awar likitanci Bayoloji suke ƙauna, suna ɗaukar Kemistiri da Fiziks kamar harajin da dole a biya. Kuskure ne mai tsada, domin a JAMB nauyin kowannensu ɗaya ne. A jami'a ma su ne ke jira. Shekarar farko ta karatun shekara shida kusan maimaicin waɗannan darussa ne da ƙarin zurfi, daga nan a shiga ilimin sinadaran jiki da na yadda gaɓoɓi ke aiki. Wanda bai riƙe darasin asid da kishiyarsa ba, yaya zai gane cewa ma'aunin pH na jini tsakanin 7.35 da 7.45 yake tsayawa, kuma kaucewa kaɗan daga nan haɗari ce? Darasin lanƙwasar haske a gilashi shi ne tushen tabarau, darasin matsi shi ne tushen awon hawan jini. Lissafin yawan sinadari a cikin ruwa, wanda yara ke gudu, shi ne lissafin da ake yi kafin a ba jariri magani gwargwadon nauyinsa.

Wani zai ce wannan duk gaskiya ne, amma gurbi da maki ake samunsa, tambayoyi kuma suna maimaita kansu, don haka a fara shiga tukuna, fahimta ta zo daga baya. Maganar tana da ƙarfi, kuma ba wanda zai hana ɗalibi tambayoyin baya. Gardamar a kan yadda ake amfani da su take. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya daɗewa a ka. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka sa su rufe takarda su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, waɗanda suka wahalar da kansu wajen tunowa ne suka yi rinjaye. Mu da muka san makarantar allo bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba: almajiri ba ya wanke allo don ya kalle shi sau da yawa, sai ya kife shi ya biya wa malam da ka, sannan ya ci gaba da tilawar na baya don kada ya kuɓuce. Abin da kimiyya ta ƙara a kai shi ne tambayar dalili. Saboda haka tambayar baya ma'auni ce. A rufe littafi, a sa agogo, a amsa, a duba, sannan a koma ga babin da kuskure ya fito a warware shi daga tushe. Wanda ya haddace cewa amsar tambaya kaza ita ce C ya dogara ne da fatan ba za a taɓa ta ba, alhali canza lamba ɗaya a tambayar Fiziks ya isa ya rushe masa komai.

Hujja ta biyu ta fi ciwo, domin ba laifin yaro ba ne. WAEC da NECO suna da takardar gwaji a aikace a darussan uku, amma makarantu da yawa, musamman na gwamnati a karkara, ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai. Akwai ɗaliban da ba su taɓa riƙe bututun awon asid ba sai ana saura kwanaki jarrabawa. Wannan hakki ne a wuyan hukumomi, kuma ya kamata iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su matsa a kai. Duk da haka, rahotannin da manyan masu duba takardun WAEC ke fitarwa suna yawan kokawa a kan abubuwan da ba sa buƙatar kayan aiki masu tsada: zane babu take, rashin rubuta girman zane a kan na ainihi, layin nuni da ba a ja da rula ba, kuskuren rubuta sunayen kimiyya, zaɓen mummunan ma'auni a takardar giraf, barin amsa ba tare da ma'auninta ba. Waɗannan da fensir da rula ake gyara su. Zare da ɗan dutse da agogon waya sun isa a gwada lilon awo, a ga yadda tsawon zare ke canza lokacin kai-komo, a zana giraf. Wake da masara da fure da kifi suna kasuwa ga mai son koyon zane. Yankan dankali a ruwan gishiri yana yaushi, wanda ke tsurar ruwa yana ƙara tauri. Ruwan zoɓo ma ma'auni ne: a matsa masa lemun tsami ya ƙara ja, a zuba masa ruwan kanwa launinsa ya juye. Wannan ba zai maye gurbin ɗakin gwaji ba, amma yana koya wa ido lura, hannu kuma rubuta abin da aka gani ba abin da ake zato ba.

Sai batun harshe. Yaro da yawa ya san amsa amma Turancin tambayar ya sha masa kai. Ba aibi ba ne a fahimci darasi da Hausa, hasali ma gwaji ne mai kyau ɗalibi ya bayyana wa ƙaninsa yadda ƙwayar zazzabin cizon sauro ke fara sauka a hanta kafin ta afka wa jini. In ya kasa faɗa da harshensa, bai gane ba tukuna. Amma da Turanci za a rubuta amsa, don haka kowace rana sai an rubuta wani abu da shi, an kuma koyi bambancin umarnin da ke cewa a lissafo, da mai cewa a bayyana, da mai cewa a kwatanta.

Game da satar amsa da cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara a allo, maganar gajera ce. Ana riƙe sakamako, ana soke shi. Wanda ya tsallake kuma zai tarar da jarrabawar makarantar likitanci, inda ake tsayar da ɗalibi gaban malamai a nuna masa ƙashi ko jijiya a ce ya yi bayani da bakinsa, wanda ya yi ta faɗuwa a sallame shi bayan ya ɓata shekaru. Uban da ya biya wannan kuɗi bai taimaki ɗansa ba, bai kuma tausaya wa majiyyacin da zai iya faɗawa hannunsa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma watannin ƙarshe ba na sabon karatu ba ne. Sun faɗo cikin zafin bazara, jarrabawa na bin jarrabawa, jiki na gajiya. Kwanan zaune da shayi mai kauri yana cin abin da ake son tarawa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Kai da ke aji huɗu ko biyar yanzu, nemi manhajar JAMB da ta WAEC ka ajiye su kusa, ka riƙa yi wa kowane babi alama ranar da ka iya amsa tambayoyinsa littafi a rufe. Ka ba darasin da ka fi tsoro lokacin da kanka ya fi sarari. In ba ka saba da kwamfuta ba, nemi inda za ka zauna gabanta ka amsa tambayoyi 180 da agogo tun kafin a buɗe rajista.