Ladan Kuturu: Matsayin 'Yan Kasuwa a Jinyar Naƙasassu da Kuɗin Hukuma

Hausawa suna cewa, "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Galibi akan kawo wannan karin magana don a tuna wa mutum cewa in ya karɓi haƙƙin aiki, to, tilas ya yi aikin ko da ransa yana ƙyama. Amma in aka dube shi da idon nazari, za a ga ya ƙunshi wani bayani game da zaman Bahaushe da naƙasasshe. Kuturun nan shi ya biya wanzami da kansa, shi kuma zai shafa kansa ya ji ko askin ya yi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba abin da ke faruwa idan aka raba waɗannan biyun, watau hukuma ta biya lada, ɗan kasuwa ya karɓa, kuturu kuwa ya zauna yana jiran aska.

Ya kamata mu fara da kalmomin kansu. Kalmar lada a Hausa tana da fuska biyu. Akwai ladan da ake nema wurin Allah, akwai kuma ladan aiki da ake ƙirgawa a tafin hannu. La'ada ita ce rabon dillali, wanda ba nasa ba ne kayan, ba shi ne mai saye ba. Riba kuwa ita ce abin da ya hau kan uwar kuɗi bayan an fitar da ɗawainiya. Harshen ya yarda a ce ladan jinya, amma kunnen Bahaushe ba ya jin daɗin a ce ribar jinya. Wannan ƙyamar ba banza ba ce, domin riba tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka rage ɗawainiya, ɗawainiya kuwa a nan ita ce abincin majinyaci da maganinsa da albashin mai kula da shi.

A unguwa irin Sheshe, cikin ƙwaryar birnin Kano, riƙon naƙasasshe tun asali aikin gida ne. Gurgu ko makaho ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, yana cikin danginsa, ana fito da shi soro da hantsi, masu wucewa zuwa Kasuwar Kurmi suna tsayawa su gaishe shi. Gidajen a cuɗe suke, lunguna kuma matsattsu, saboda haka in an bar mutum da yunwa ko an daina yi masa wanka, kafin la'asar maƙwabta sun sani, kafin kwana biyu mai unguwa ya ji. Ba wai ana nufin babu zalunci a wancan tsari ba. An sha ɓoye mai taɓin hankali a ƙuryar ɗaki don gudun abin kunya, kuma nauyin jinya kusan duka a kan mata yake, ba tare da ko anini ba. Abin lura dai shi ne akwai idanu masu yawa a kan majinyaci.

Neman abin kai ta hanyar hidimar naƙasasshe ma ba baƙon abu ba ne. Ɗan jagora yana da rabonsa a cikin abin da makaho ya samo, haka mai tura keken gurgu. Sai dai kuɗin a hannun makahon yake, in ɗan jagora ya cuce shi, gobe sai ya nemi wani. In kuma rigima ta yi tsanani, akwai Sarkin Makafi, kamar yadda guragu da kutare suke da nasu sarakunan, waɗanda suke sasanta jama'arsu, suke kuma kai kukansu fada.

Farkon shigar kuɗin hukuma sosai cikin wannan sha'ani a zamanin En'e ne. A ƙarshen shekarun 1930 aka miƙa wa mishan ɗin Sudan Interior tafiyar da asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, watau Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, baitulmalin En'e kuma yana ba da kuɗi. Turawan mishan ba riba suke nema ba, amma suna da tasu manufa ta yaɗa addini, abin da ya sa sarakuna ba su taɓa sakin jiki da su ba. Tun a nan aka ga cewa duk wanda aka ba jinya da kuɗin jama'a yana zuwa da tasa buƙata. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe irin waɗannan asibitoci. Kano kuma tana da gidajen gwamnati kamar gidan gajiyayyu na Shahuci, nan kusa da Sheshe, da makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau.

Waɗannan wurare ba su taɓa isar jama'a ba, giɓin da suka bari kuwa masu karɓar kuɗi ne suka cike shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka kuma sami irinsa a Daura da Katsina, sa'an nan Gwamnatin Jihar Kano ta ba da umarnin rufe na jiharta. Kuɗin waɗannan gidaje na iyaye ne, ba na hukuma ba, amma siffar ɗaya ce: mai biya yana waje, wanda ake yi wa aikin yana bayan ƙofa a kulle, kuma ko ya yi magana ba a ɗaukarta, tun da an riga an ce ba shi da hankali.

A yau hanyar da kuɗin hukuma ke bi zuwa hannun ɗan kasuwa ita ce inshorar lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Kano ta yi dokar taimakekeniyar lafiya a 2016, dokar inshora ta ƙasa ta 2022 kuma ta tanadi asusu na masu rauni, har da naƙasassu. A irin wannan tsari akan biya asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ya zo ko bai zo ba, asibitin kuwa yana iya zama na ɗan kasuwa. To, lissafin a fili yake. Lafiyayye wanda ba ya zuwa riba ne. Kurma wanda sai an nemo mai fassara masa, ko gurgu wanda sai an gyara matakala saboda shi, ɗawainiya ce. Ba sai ɗan kasuwa ya zama mugu ba kafin ya karkata ga na farko. Tsarin biyan ne yake tura shi. Bugu da ƙari, dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba masu naƙasar ƙwaƙwalwa magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, ba ta ɗora wannan nauyi a kan na kuɗi ba.

Ƙasashen da suka riga mu nisa a wannan hanya sun ga ƙarshenta. A 2011 gidan talabijin na BBC ya nuna hotunan da aka ɗauka a ɓoye a Winterbourne View, wani asibitin kamfanin Castlebeck kusa da birnin Bristol a Ingila, inda ma'aikata suke dukan masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Hukuma tana biyan kimanin fam 3,500 a mako a kan kowane majinyaci, kuma an kai ƙara ga masu sa ido tun kafin nan ba su motsa ba. Ma'aikata 11 aka samu da laifi, aka rufe wurin. Rashin kuɗi ba shi ne dalili ba a can.

A ganina, ba a korar 'yan kasuwa daga wannan fage, domin su ne suke ƙera keken guragu, suke shigo da na'urar ji da sandar makafi, kuma sau da yawa ƙaramin asibitin unguwa ya fi Asibitin Murtala sauƙin kai wa ga wanda sai an ɗauke shi. Amma akwai bambanci tsakanin sayen keke, wanda mai shi zai hau ya gane lafiyarsa nan take, da miƙa mutum ɗungurungum a ajiye shi. Na farko ciniki ne, na biyu amana ce. Inda duk za a iya, ya fi kyau naƙasasshe ya zaɓi asibitinsa da kansa, ya kuma iya sauyawa kamar yadda makaho ke sauya ɗan jagora, a kuma ƙara kuɗin da ake biya a kansa gwargwadon ɗawainiyarsa. Inda kuwa ba zai iya zaɓa ba, kada a kai shi wurin da danginsa da mai unguwarsa ba za su iya shiga ba sai da izini. Sarakunan makafi da na guragu da na kutare suna nan har yanzu a Kano, sun san jama'arsu gida gida, amma an fi tunawa da su ranar rabon tallafi. Ya kamata a ce da su ake zama ranar da za a duba littafin asibitin da ya karɓi kuɗi da sunan mutanensu.