Yadda Kenya ta miƙa wa gundumomi ragamar arziki

Shekara da shekaru arzikin Kenya yana tattare a Nairobi da kewayenta, yankunan arewa irin su Turkana da Mandera kuwa ko oho. Kundin tsarin mulkin 2010 ya kafa gundumomi 47, ya wajabta ba su aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. An zaɓi gwamnoninsu na farko a 2013.

Gundumar Makueni ta nuna amfanin hakan. Mangwaro yana ruɓewa a hannun manomanta, dillalai suna saye a wulaƙance, sai gundumar ta buɗe masana'antar sarrafa shi a Kalamba a 2017.

Sai dai baitulmalin ƙasa yakan jinkirta sakin kuɗin, kuma albashi ne ke lamushe kaso mai tsoka a gundumomi da dama.