Kuɗi da Ƙaura: Shin Kwantiragi Zai Iya Ɗaure Ɗan Wasan Jami'a a Amurka?

Wasannin jami'o'i a Amurka kasuwa ce babba, domin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da ɗalibai ke bugawa tana cika filaye masu ɗaukar mutum sama da 100,000 a wasu garuruwa, kuma gidajen talabijin suna biyan biliyoyin daloli don samun izinin nuna su. Hukumar da ke kula da wannan harka, wadda aka fi sani da NCAA, an kafa ta ne a 1906, kuma ta shafe fiye da shekara 100 tana riƙe da aƙidar cewa ɗan wasan jami'a ɗalibi ne mai wasa don sha'awa, saboda haka abin da ya halatta ya samu bai wuce kuɗin makaranta da masauki da abinci ba. Wannan aƙida ta rushe cikin 'yan shekarun nan, kuma da rushewarta wata tambaya ta taso wadda kotuna ba su gama amsawa ba: idan jami'a ta biya ɗalibi kuɗi bisa rubutacciyar yarjejeniya, shin tana da ikon hana shi komawa wata jami'ar kafin wa'adin ya cika?

Katanga biyu ne suka faɗi kusan lokaci guda, kuma ta farko ita ce haramcin biyan kuɗi. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta 9 gaba ɗaya, ta yanke hukunci a shari'ar Alston cewa NCAA ba ta fi ƙarfin dokar hana babakere ba, wato dokar Sherman ta 1890 wadda ta haramta wa abokan hamayya a kasuwa su haɗa baki su danne farashi. Daga 1 ga Yulin wannan shekarar aka bar 'yan wasa su sayar da haƙƙin amfani da sunansu da hotonsu da kamanninsu, abin da ake taƙaitawa da haruffan NIL, sai attajirai magoya bayan kowace jami'a suka kafa ƙungiyoyin tara kuɗi suna biyan 'yan wasa da sunan talla. A watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya tanadi diyyar kimanin dala biliyan 2.8 da za a biya cikin shekara 10, ya kuma ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Katanga ta biyu ita ce takunkumin sauya sheƙa. A da, ɗan wasan da ya bar wata jami'a a manyan wasanni sai ya zauna shekara guda ba ya wasa, kuma kocinsa yana iya hana shi izinin tattaunawa da wasu makarantu. A 2018 aka buɗe rajistar masu neman ƙaura, wani kundi na intanet da jami'a take da wajibcin saka sunan ɗalibi a cikinsa cikin kwana 2 na aiki bayan ya nema, a 2021 kuma aka yarda kowa ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman jira ba. Ragowar takunkumin ya tafi ne a Disambar 2023, lokacin da jihohi 7 ƙarƙashin jagorancin Ohio suka kai ƙara, alƙalin tarayya John Preston Bailey ya dakatar da dokar, NCAA kuma ta janye ta a 2024. Abin lura a nan shi ne cewa abin da kotu ta rusa ƙa'ida ce ta haɗin baki tsakanin ɗaruruwan makarantu, hukuncin bai taɓa batun yarjejeniya tsakanin jami'a guda da ɗalibi guda ba, kuma ta wannan kafa ce jami'o'i suka bi suna neman maido da abin da suka rasa.

Yarjejeniyoyin da ake rubutawa yanzu sun bambanta, amma galibinsu suna ba jami'a ikon amfani da suna da hoton ɗan wasa ita kaɗai na tsawon shekara ɗaya ko biyu, suna bayyana ƙarara cewa ɗalibin ba ma'aikaci ba ne kuma ba don wasa ake biyansa ba, sannan su ƙara sharaɗin abin da zai faru idan ya tafi. Wasu suna dakatar da biyan kuɗi kawai, wasu suna neman a maido da abin da aka riga aka bayar, wasu kuma suna ɗora wa mai tafiya wani dunƙulallen kuɗi. Sharaɗin farko ba ya jawo gardama, domin babu mai tsammanin a ci gaba da biyan wanda ya tafi. Rikicin yana kan na ukun, da kuma kan yunƙurin hana tafiyar baki ɗaya.

Gwaji na farko da ya ja hankali shi ne na Xavier Lucas, mai tsaron baya a Jami'ar Wisconsin, wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar shekara 2 a Disambar 2024, ba da jimawa ba ya nemi a saka shi a rajistar ƙaura, jami'ar kuma ta ƙi. Lucas bai tsaya jiran rajista ba, ya janye daga makarantar kamar yadda kowane ɗalibi ke da 'yancin yi, ya shiga Jami'ar Miami a Janairun 2025, ya kuma buga mata wasa. Wisconsin ba ta kai shi kotu ba, sai ta shigar da ƙarar Miami a watan Yunin 2025 bisa zargin zawarcin ɗan wasan ta bayan fage da zuga shi ya karya alkawari. Zaɓen wanda za a kai ƙara yana da ma'ana, domin jami'ar da ta maka ɗalibinta a kotu tana zubar da mutuncinta a idon matasan da take zawarci gobe, ga shi kuma tana da ƙarancin tabbacin samun abin da take nema.

Dalilin ƙarancin tabbacin tsoho ne a tsarin shari'ar da Amurka ta gada daga Ingila, inda kotu ba ta tilasta wa mutum ya yi wa wani aiki da jikinsa ko da ya yi alkawari, kuma a Amurka an ƙara ƙarfafa wannan da gyara na 13 na kundin tsarin mulki wanda ya haramta bauta da aikin tilas. Sai dai akwai wata hanya da aka sani tun 1852, lokacin da wata kotu a Landan ta ce ba za ta iya tilasta wa mawaƙiya Johanna Wagner ta rera waƙa a gidan da ya ɗauke ta ba, amma za ta iya hana ta rerawa a gidan abokin hamayyarsa har wa'adinta ya ƙare. Ƙungiyoyin ƙwararrun 'yan wasa sun sha amfani da irin wannan umarni, kuma shi Jami'ar Duke ta nema a Janairun 2026 kan Darian Mensah, ɗan wasan da ke jagorantar kai harinta. Kotun jihar North Carolina ta bar shi ya shiga rajistar ƙaura amma ta dakatar da shi na ɗan lokaci daga shiga wata makaranta, kafin a zauna sauraron ainihin ƙarar kuma ɓangarorin suka sasanta, ya koma Miami. Saboda haka ba a sami hukuncin da za a kafa hujja da shi ba, kuma da wuya alƙali ya ji daɗin sa hannu kan umarnin da zai hana matashi yin karatu a inda ya ga dama, tunda jami'o'in da bakinsu suke cewa shi ɗalibi ne kafin komai.

Inda aka fi samun ƙura shi ne batun dunƙulallen kuɗin fita. Dokar kwantiragi ta yarda mutane biyu su ƙayyade tun farko diyyar da wanda ya saɓa zai biya, bisa sharaɗi biyu: asarar ta kasance mai wuyar ƙiyastawa, kuma adadin ya yi kusa da asarar da hankali zai ɗauka za a yi. Idan adadin ya zama bulala ce kawai ta tsoratarwa, kotu tana ɗaukarsa a matsayin horo, ta yi watsi da shi. Jami'o'i suna da hujjar da suke jingina da ita, wato shari'ar koci Gerry DiNardo da ya bar Jami'ar Vanderbilt ya koma ta Jihar Louisiana, inda kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a 1999 ta amince da sharaɗin da ya ɗora masa biyan albashin shekarun da suka rage, saboda kwantiragin ya bayyana cewa ɗorewar shugabancin ƙungiyar abu ne mai daraja ga jami'ar kuma asarar rashinsa ba ta ƙiyastuwa cikin sauƙi. Kusan irin wannan lissafi Jami'ar Jojiya ta yi wa Damon Wilson, wanda ya sa hannu da ƙungiyar magoya bayanta a Disambar 2024 kan dala 30,000 a wata na tsawon wata 14, ya karɓi kuɗin wata ɗaya, sannan ya koma Jami'ar Missouri. Jojiya ta nemi dala 390,000, wato kuɗin wata 13 da bai taɓa shiga hannunsa ba, shi kuma ya shigar da tasa ƙarar yana cewa horo ne aka lulluɓe da sunan diyya.

Bambancin DiNardo da Wilson shi ne zuciyar al'amarin. Vanderbilt ta iya faɗi a fili cewa ta ɗauki kocin aiki ne don ya horar da ƙungiyarta, kuma tafiyarsa ta cutar da ƙungiyar. Jami'ar da ta rubuta cewa hoton ɗalibi da sunansa kaɗai ta saya ba ta da wannan baki, domin idan ta ce asararta ita ce rashin gwanin da zai ci mata wasa, ta amsa da kanta cewa don wasa take biyansa, abin da take musantawa a takarda don kada a ɗauke shi ma'aikaci. Idan kuwa ta tsaya kan cewa asararta ta talla ce, sai a tambaye ta nawa ta rasa da ba ta manna fuskarsa a allon talla ba, alhali kuɗin da ba ta biya shi ba suna hannunta tana iya ɗaukar wani da su. An ce ba a gudu ana susar takashi, kuma jami'o'in suna son samun ikon mai gida a kan ma'aikaci ba tare da ɗaukar nauyin da ke kan mai gida ba.

Akwai kuma cikas daga dokokin jihohi, tunda kwantiragi a Amurka yana ƙarƙashin dokar jiha ne, kuma Kalifoniya, alal misali, ta daɗe da soke duk sharaɗin da ke hana mutum bin sana'arsa bayan ya bar wurin aiki. Haɗari mafi girma shi ne idan makarantun wata gasa suka yi amfani da takarda iri ɗaya mai sharaɗi iri ɗaya, domin lauyoyin 'yan wasa za su ce tsohuwar ƙa'idar haɗin baki ce ta dawo da sabuwar riga, kuma dokar Sherman tana nan.

Duk da haka ƙorafin jami'o'in ba na banza ba ne. Ƙungiyar da rabin 'yan wasanta ke watsewa kowace shekara ba ta ginuwa, ƙananan makarantu suna rainon matashi manya su ɗauke shi, kuma yawan ƙaura kan sa ɗalibi ya rasa darussan da ya riga ya ci. Masu bin ƙwallon Turai sun san yadda aka warware makamancin wannan bayan hukuncin Bosman na 1995, inda ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yake tafiya kyauta, wanda nasa bai ƙare ba kuma sabuwar ƙungiyarsa take biyan kuɗin sayensa. A manyan gasannin ƙwararru na Amurka ana taƙaita ƙaura sosai ba tare da karya doka ba, saboda ƙungiyoyin ƙwadago na 'yan wasa ne suka amince da sharuɗɗan a teburin ciniki, kuma irin wannan yarjejeniya tana da kariya daga dokar hana babakere. Wannan hanya tana buƙatar a amince cewa 'yan wasan ma'aikata ne, kuma ko da yake wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a Yulin 2024, a shari'ar Johnson, cewa suna iya zama ma'aikata idan yanayin aikinsu ya nuna haka, jami'o'i sun fi karkata ga roƙon Majalisar Dokokin Amurka ta ba su kariya ta musamman.

A halin da ake ciki, kwantiragi yana iya sa wa tafiya farashi, musamman idan kuɗin ya tsaya kan abin da aka riga aka bayar ko kuma sabuwar makarantar ce za ta biya, amma ƙarfinsa na tsare ɗalibi a inda ba ya so kaɗan ne ƙwarai. Jami'ar da ke son ɗan wasa ya zauna shekara biyu ta fi samun tabbaci idan ta jinkirta kaso mai tsoka na kuɗinsa zuwa ƙarshen wa'adi, domin wannan tsari ba ya buƙatar umarnin alƙali kafin ya yi aiki.