Ganyayen Arewa Da Ke Ajiye A Landan Sun Hau Intanet

A Fadan Kagoma, a kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, citta ita ce kuɗin makarantar yara, ita ce kuma kwanon rufin ɗaki. Saboda haka da cutar fumfuna ta faɗa wa gonakin citta na kudancin Kaduna a daminar 2023, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, tambayar da ke bakin kowa ita ce: wace irin cuta ce wannan?

Masana ba sa amsa irin wannan tambaya da ka. Sukan gwada abin da ke hannunsu da samfurin da aka adana tun da, watau busassun ganyaye da fumfuna waɗanda aka rubuta wa suna da wuri da shekara. To, ɗaya daga cikin manyan rumbunan irin wannan kaya yana lambun Kew ne a Landan, inda akwai busassun tsirrai wajen miliyan 7, da samfurin fumfuna fiye da miliyan 1.

A cikinsu kuwa har da na ƙasarmu. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aikin asibiti a Arewa farkon zamanin Turawa, ya tsinko tsirrai a Sakkwato da Katagum da Kwantagora da Yola, ya kuma buga littafin sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa a 1916. Ba shakka makiyaya da masu magani ne suka gaya masa sunayen, amma jikokinsu ba su da halin ganin ganyayen sai da fasfo da kuɗin jirgi.

A 2022 hukumar Kew ta soma ɗaukar hoton kowace takarda tana sawa a intanet kyauta. Yanzu ɗalibin aikin gona a Kafanchan na iya duba ganyen da aka tsinka shekara 100 da suka wuce a wayarsa, in dai akwai caji da sabis.

Sai dai fa da sauran aiki. Da sunan Latin ake neman kayan, shi kuwa manomi bai san citta da sunan Zingiber officinale ba. Hausa ta ci sa'ar Dalziel, amma sunayen da mutanen Gwong da Ham ke kiran itatuwan duwatsunsu galibi a bakin tsofaffi suke, dazuzzuka irin na Nindam kusa da Kagoro kuma suna ta shan gatari. Haɗa sunan gida da hoton nan aikin 'yan ƙasa ne, mutanen Landan ba za su iya shi ba.

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun ma suna da irin wannan rumbu kusa da su, a Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Jericho a Badun, inda busassun tsirrai suka haura 100,000.