MAI ƊAUKE DA ƘWAYAR ƘANJAMAU, KO ZAI IYA AURE YA HAIHU?

Karatu: Markus 1:40-45, Yohanna 9:1-7

Yau za mu yi magana a kan wani abu wanda muke jin nauyin faɗarsa a majami'a, ko da yake yana nan cikin gidajenmu.

Sau da yawa saurayi da budurwa sukan zo wurin fasto bayan baiko, a aike su gwajin jini. Sakamako ya fito, ɗayansu yana ɗauke da ƙwayar HIV, wadda take kawo ƙanjamau. Kafin Lahadi ta zagayo, magana ta bazu, aure ya watse, yarinya ta daina zuwa sujada. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 suna ɗauke da ƙwayar. Waɗansunsu suna zaune kusa da mu a benci ɗaya, muna cin Jibin Ubangiji tare.

Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, laifi suka fara nema, ko nasa ko na iyayensa. Ubangiji bai ɗora wa kowa ba, ya buɗe idanunsa. Kuturu kuma, wanda jama'a suke gudu, Yesu ya sa hannu a jikinsa. To, mu da muke bin sawunsa, sai mu san gaskiyar wannan ciwo, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Da fari, ƙwayar tana rage ƙarfin garkuwar jiki. Maganin da ake sha kullum ba ya kashe ta duka, amma yana hana ta yaɗuwa cikin jini. Wanda ya riƙe shan magani ba fashi, yawanci cikin wata 6 ƙwayar takan ragu har gwaji ya kasa ganinta. Muddin tana a haka, miji ba ya sa wa matarsa ta wurin kwanciyar aure, mata ma ba ta sa wa mijinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da wannan a 2023. Kafin a kai wannan matsayi, akwai kwaroron roba, akwai kuma maganin kariya wanda mai lafiyar zai iya sha.

Na biyu, zancen haihuwa. Idan uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100, tsakanin 15 da 45 za su iya ɗauka, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Da magani, adadin yakan sauka ƙasa da 5. Saboda haka mace mai juna biyu ta je awo da wuri, ta yi gwaji, ta haihu a asibiti. Za a ba jariri nasa magani, a gwada shi yana da mako 6. Uwa mai shan magani tana iya ba da nono zalla wata 6, ta ci gaba da shayarwa bisa ga shawarar ma'aikatan lafiya. Ku uwayen miji, kada ku matsa mata ta ba jariri ruwa ko kunu kafin lokaci.

Na uku, hakkinsu. Yawan 'ya'ya da tazarar haihuwa shawara ce ta miji da mata a gaban Allah. Ba wanda yake da ikon tilasta wa mace a ɗaure mata mahaifa domin tana da ƙwayar. Ta riƙa zuwa gwajin sankarar bakin mahaifa kuma, gama haɗarinta ya ninka na sauran mata wajen sau 6. Dokar Nijeriya ta 2014 ta hana nuna wa masu ƙwayar bambanci a wurin aiki, makaranta da asibiti, ta kuma hana tona asirinsu ba da yardarsu ba. Abin da dokar ƙasa ta hana, ashe ya dace a same shi cikin ikkilisiya?

Mu fastoci da dattawa, amana ce aka ba mu. Sakamakon gwaji na masu shi ne. Idan su biyun sun san gaskiya, sun ji shawarar likita, suka ce sun yarda da juna, sai mu ɗaura aure da farin ciki. Kai kuma mai ɗauke da ƙwayar, kada ka ɓoye wa wadda za ka aura, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuwa kowa ya ce maka ka bar magani domin an yi maka addu'a. Mu yi addu'a, mu sha magani, dukansu alherin Allah ne.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana inda bakinmu ya kori 'ya'yanka daga gidanka. Ka ƙarfafa masu shan magani, ka kiyaye uwaye da jarirai. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.