Harshen Tsakiya a Cikin Wayar Hannu

A kasuwar Kaoje, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, Fulani da Dandawa da Zabarmawa sukan yi ciniki da Hausa, alhali kowa da harshen gidansu. Irin wannan dabara ce ke tsare wayoyin Android da ke aljihunansu.

A cikin wayar akwai mai gadi da ake kira SELinux, wanda Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta fitar a shekarar 2000. Aikinsa shi ne hana manhaja taɓa abin da ba a ba ta izini ba, kamar yadda fatar ƙwayar halitta ke tace abin da zai shiga cikinta. To amma dokokin da yake bi, hannu da yawa ke rubuta su. Saboda haka a 2015 aka shigar da harshen tsakiya mai suna CIL cikin kayan sarrafa dokokin. Tun daga Android 8, a 2017, ana juya dokokin Google da na maƙeran wayar zuwa wannan harshe, sannan a haɗa su. Ta haka ake sabunta ɓangare ɗaya ba tare da an bar wa ɓarayin kuɗi ƙofa ba.