Magajin Gari, Kantoma da Ciyaman: Sunaye Uku da Ikon da ke Bayansu a Birnin Kaduna

Masu fassara labarai a gidajen rediyo sun daɗe da sabawa da kiran shugaban babban birni na ƙasashen waje magajin gari. A kan ji magajin garin Landan, ko magajin garin Paris, kunne kuma ya karɓa ba da wata gardama ba. Amma in aka tambayi mutumin Badarawa, unguwar nan da ke arewacin Kogin Kaduna, maƙwabciyar Malali da Kwaru da Unguwar Dosa, wane ne magajin garin birninsa, ba zai iya nuna mutum guda ba, domin kuwa babu shi. Wanda ya sani shi ne ciyaman na Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. In dattijo ne, watakila ya ƙara da ambaton kantoma. Waɗannan kalmomi uku sau da yawa a kan musanya su kamar ma'anarsu ɗaya, alhali kowacce tana nuna wata hanya dabam ta samun iko: ta farko naɗin sarki, ta biyu naɗin gwamnati, ta uku zaɓen jama'a. Wanda ya rarrabe su ya kama hanyar gane abin da shugaban birni ya ke iya yi a Kaduna, da abin da ya fi ƙarfinsa.

1. Magajin gari

Kalmar magaji ta fito daga aikatau gada, an gina ta bisa tsarin nan na sunan mai aikatawa, kamar yadda aka sami manomi daga noma, maɗinki daga ɗinka. Tamatarta magajiya, jam'inta magada. Magajin gari kuwa sarauta ce ta gargajiya wadda a ke samu a masarautu da dama, kamar Sakkwato da Zazzau. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli shi ke riƙe da sarautar Magajin Garin Zazzau kafin ya hau gadon sarauta a 2020, mahaifinsa Malam Nuhu Bamalli ma ya riƙe ta kafinsa. A cikin Kaduna sunan ya zauna har a kan wuri, don kuwa inda sakatariyar Kaduna ta Arewa ta ke, Magajin Gari a ke kiransa.

Da aka bukaci kalmar da za ta fassara muƙamin shugaban birni na Turawa, sai aka ari wannan suna. Aron ya yi daidai ta fuska ɗaya, tun da ya ke dukansu biyu masu kula da gari ne. Ta wata fuskar kuwa ya kauce, domin shi magajin gari na gargajiya sarki ke naɗa shi, kuma ba a yanka masa wa'adi. Muƙamin na Turawa ma ba iri ɗaya ba ne ko'ina. A biranen Ingila da yawa muƙamin girmamawa ne na shekara guda, mai shi ya shugabanci zaman majalisa, ya karɓi manyan baƙi. Babban birnin Landan bai sami shugaba mai ikon zartarwa wanda jama'a suka zaɓa kai tsaye ba sai a shekara ta 2000. A Faransa 'yan majalisar gari ke zaɓen ɗaya daga cikinsu, shi ke ɗaura auren hukuma, shi ke riƙe da rajistar haihuwa da mutuwa. Wannan tsari na Faransa shi Jamhuriyar Nijar ta gada, shi ya sa a Maraɗi da Damagaram magajin gari muƙami ne na ainihi wanda kowa ya san ofishinsa, ko da ya ke gwamnatin soja ta rushe majalisun da aka zaɓa a 2024 ta ɗora wakilanta.

A Nijeriya an taɓa gwada muƙamin. Birnin Ikko ya sami magajin gari a 1950, watau Dokta Ibiyinka Olorunnimbe, aka soke muƙamin a 1953. A cikin shekarun 1950 ɗin nan ne kuma Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe. Kaduna ba ta bi wannan tafarki ba.

2. Kantoma

Kaduna ba birni ba ne mai ganuwa da gidan sarauta irin Kano ko Zariya. Turawan mulki suka kafa ta, suka mayar da hedkwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Dokar garuruwa ta wannan shekara ta sa Kaduna cikin garuruwa masu daraja ta biyu, waɗanda wani jami'in Bature ke gudanarwa. Hausawa suka kira irin wannan jami'i kantoma. Kalmar gutsure ce daga sunan Ingilishi *Cantonment Magistrate*, watau mai shari'ar bariki, bakin Bahaushe ya datse ta ya daidaita ta da harshensa, kamar yadda ya yi wa Razdan da Di'o da En'e.

A 1956, zamanin da Sardauna Ahmadu Bello ya ke Firimiya, aka cire Kaduna daga Lardin Zazzau aka mai da ita yankin babban birni, aka ɗora mata shugaba wanda gwamnatin Jihar Arewa ke naɗawa. Tun daga nan kalmar kantoma ta ci gaba da yaɗo. A zamanin mulkin soja ta zama sunan duk wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma shi kaɗai, bayan dawowar mulkin farar hula kuma ta koma kan waɗanda gwamnoni ke ɗorawa riƙon ƙwarya in wa'adin zaɓaɓɓu ya ƙare. Ma'ana ɗaya ce ba ta taɓa barin kalmar ba: kantoma yana amsa tambaya ne ga wanda ya naɗa shi, ba ga mutanen gari ba.

3. Ciyaman

Ciyaman ɗan gyaran 1976 ne. A wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, guda 301 a farko. Kafin nan, tun ƙarshen shekarun 1960, an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da aikin zartarwa, ya bar musu ba da shawara. A 1991, zamanin Janar Babangida, aka shigo da tsari irin na shugaban ƙasa: ciyaman ya zama mai zartarwa, kansiloli suka zama majalisa mai yin doka. Tsarin mulki na 1999 ya jera ƙananan hukumomi 774, daga ciki 23 na Jihar Kaduna, sashe na 7 kuma ya wajabta a gudanar da su ta hannun majalisun da jama'a suka zaɓa.

Saboda haka mutumin Badarawa ƙuri'a biyu ya ke jefawa ranar zaɓen ƙananan hukumomi, ɗaya ta ciyaman, ɗaya ta kansilan mazaɓarsa. Hukumar zaɓe ta jiha ke shirya wannan zaɓe, ba ta tarayya ba. An yi shi a 2018 da 2021 da 2024, na 2018 kuwa ya shiga tarihi, domin shi ne karo na farko da wata jiha a Nijeriya ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a.

Ikon ciyaman a cikin gidansa ba kaɗan ba ne. Shi ke shirya kasafin kuɗi ya kai gaban kansiloli, shi ke sa hannu a ƙananan dokokin da suka yi, shi ke da alhakin duk kuɗin da aka kashe. Su kuma kansiloli suna iya ƙin amincewa da kasafinsa, suna iya bin ƙa'ida su tsige shi. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha yana duba littattafansa. Rigar kariyar da sashe na 308 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu ba ta kai kansa ba, ana iya gurfanar da shi gaban kotu yana kan kujera.

4. Ayyukan da doka ta ɗora masa

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya lissafa aikin ƙaramar hukuma. Mai karatu zai lura kusan dukansu abubuwa ne da mutum ke gani daga ƙofar gidansa: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, maƙabartu da gidajen gajiyayyu, hanyoyin cikin unguwa da fitilunsu da magudanan ruwa, kwashe shara da makewayin jama'a, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, lasin kekuna da amalanke, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ƙiyasta harajin gidaje. Akwai kuma waɗansu ayyuka uku da ta ke tarayya da jiha a kansu: ilmin firamare da yaƙi da jahilci da koyon sana'a, aikin gona, da kiwon lafiya.

In aka auna wannan jeri da aikin magajin gari na Faransa ko na Nijar, za a ga sun yi kama ƙwarai. Kwatar da ta toshe a Badarawa da damina, da juji da ya ci rabin layi, da rumfunan kasuwa, duk bisa doka ƙofar ciyaman a ke ƙwanƙwasawa a kansu. A takarda dai, ciyaman shi ne magajin gari.

5. Inda ikon ya tsaya

Abu huɗu suka rage wa wannan muƙami ƙarfi. Na farko ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara kaɗai. Don haka takardar mallakar fili a Badarawa daga hukumar KADGIS ta ke fitowa, izinin gini daga KASUPDA, dukansu na jiha. Shugaban birnin da ba shi da ta cewa a kan fili, ba shi da ta cewa a kan yadda birni zai faɗaɗa.

Na biyu tsaro. A kan kira ciyaman babban jami'in tsaro na yankinsa, amma 'yan sanda na tarayya ne, ba shi ke ba su umurni ba. Abin da ya ke iya yi shi ne ya tara su da hakimai da malamai da shugabannin unguwanni a yi shawara. A nan ne sarautar gargajiya ke da tasiri, domin mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda silsilarsu ta ke kaiwa ga Sarkin Zazzau, su ne suka san baƙo da ɗan gida, su a kan fara kai wa ƙarar rikicin iyaka ko na gado.

Na uku, waɗansu ayyukan jadawalin sun koma hannun hukumomin sama. Takardar haihuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Malaman firamare hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha ke kula da su. Manyan ma'aikatan sakatariya kuma wata hukuma ta jiha ke ɗaukarsu, ita ke canja musu wurin aiki.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, kuɗi. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi ke da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Amma sashe na 162 ya ce rabon ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, wannan kuwa ya ba gwamnoni da dama damar riƙe bakin jaka shekara da shekaru. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ciyaman da ke jiran abin da gidan gwamnati zai sakar masa, ko da zaɓensa aka yi, ya kan wayi gari yana aikin kantoma. Wannan ne ya kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na ran 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ya kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun majalisu su ɗora 'yan riƙon ƙwarya.

6. Birni ɗaya, shugabanni da yawa

Ko da an warware matsalar kuɗi, da sauran rina a kaba. Birnin Kaduna ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, da sassan Igabi da Chikun. Ruwan da ya taso daga wata ƙaramar hukuma ya cika kwatar wata bai san iyaka ba, haka shara, haka cunkoson motoci. Ba ɗaya daga cikin shugabannin huɗu da ke iya magana da sunan birnin duka. A 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta nemi toshe wannan giɓi, ta kafa hukumar kula da babban birnin Kaduna, tare da irinta a Zariya da Kafanchan. Sai dai shugabanta gwamna ya naɗa shi, watau aka koma ga maganin 1956. A 1956 da 2021 Kaduna ta sami shugaba guda na birni duka, sau biyun kuma kantoma ne. Zaɓe ya ba ta shugabanni, amma kowanne da gutsuren gari a hannunsa.

Wannan bambanci ya cancanci kulawar malaman da ke horar da masu koyar da Hausa da ilmin zaman ƙasa. In aka koya wa ɗalibi cewa ciyaman shi ne magajin gari, ba a ƙara masa bayani ba, zai girma yana ɗora wa mutum guda laifin abin da ba ya hannunsa, yana kuma ƙyale shi a kan abin da ke wuyansa. In kuwa aka bar kantoma da ciyaman suka narke suka zama kalma ɗaya a bakin jama'a, an sauƙaƙe wa mai son ƙwace haƙƙin zaɓe aikinsa, domin abin da harshe ya daina rarrabewa da wuya mutane su tsaya kare shi. Hausa ta riga ta tanadi suna uku domin hanyoyi uku na hawa kujera. Abin da ya rage ga mai koyarwa da mai fassara shi ne, kafin ya ɗora wa shugaba ɗaya daga cikinsu, ya fara bincika wanda ya ɗora shi, da wanda ke riƙe da kuɗinsa, da wanda ke da ikon sauke shi.